Gyaran Daƙiƙa Biyu

Ƙarfe ɗaya da rabi na dare a Hull,
ruwa na tsiyaya a jikin taga,
bas ɗin ƙarshe ta wuce titin Beverley ba kowa a ciki,
ni kuwa ina zaune ina rabon faɗa
tsakanin kwamfutata
da wani ɗan kati da bai fi farcen babban yatsa ba.

Muryar Inna Tasalla ce a cikinsu duka.
Fayil ɗari biyu da sha ɗaya,
abin da na naɗa a wata huɗun da ta yi mana
kafin ta ce sanyin nan ya kai mata ɓargo,
a mayar da ita Gumel.

Kwamfuta ta ce: tara da minti sha huɗu da daƙiƙa bakwai,
ta jero wasu lambobin a baya kamar ayarin tururuwa,
don ita daƙiƙa guda gida miliyan goma take tsaga ta.
Kati ya ce: da daƙiƙa takwas.
Ya ja bakinsa.
Shi bai san mara ba, cika kaɗai ya sani,
bibbiyu yake taka lokaci,
ka ba shi bakwai ya rantse takwas ka ba shi.

Manhajar da na ɗora ta daidaita su kuwa ba ta da kara.
Kowane dare sai ta ce rabinsu sun canza,
ta kwashe, ta sake zubawa,
gobe ta dawo da maganar jiya.

Inna wake take aunarwa.
Na taɓa ganin wata ta zo da kwanonta daga Maigatari,
aka juye, bai cika ba,
mata suka taru, murya ta fara tashi.
Inna ta damƙo da hannu ta watsa a kai.
Ta ce, kwano da kwano ba uwarsu ɗaya ba,
ba a ɓata zumunci kan abin da ya tsaya a baki.
Ga gyara.

Shi na rubuta wa manhaja, layi guda:
abin da bai wuce daƙiƙa biyu ba, ki kau da kai.
Nan take gardama ta mutu.
Ɗari biyu da sha ɗaya, babu sabo, babu tsoho.

Sai dai ban tashi ba.
Me ke shiga cikin daƙiƙa biyu?
Na sa abin ji a kunne, na auna.
“Na’am?” ɗinta, ɗaya da rabi.
Tsakin da take yi in gishiri ya zarce, ko ɗaya bai kai ba.
Sunana, yadda take jan wasalin ƙarshe,
Sagiruuu,
biyu cif.
Ashe abin da na ce a kau da kai a kansa
ya isa a kira mutum ya waiwayo.

Ranar da ta cika,
Mudi ya ce bayan la’asar ne.
Takardar asibiti ta ce ƙarfe biyar.
Wayata ta ce huɗu da hamsin da biyu,
kira ɗaya da ban ɗauka ba, ina layin biyan kuɗi a kanti.
Na shekara ina tambayar wanne ne gaskiya,
kowa da kwanonsa ya auna,
waken ɗaya ne.

Yanzu ƙarfe biyu ta buga, agogon waya ya koma ɗaya.
Daren ja da baya ne, ƙarshen Oktoba.
Katin bai ji labari ba,
gobe zai tashi da saɓanin awa guda, mu sake zama.
Na bar wa gobe.

Ƙasar da ba ta san gyara a kanti ba
yau ta damƙo awa ɗaya ta watsa mini.
Na buɗe na tamanin da bakwai.
Cokali na bugun tukunya,
tana cewa, kashe abin nan ka zo ka ci tun da zafi.